Singiletin Baba a Kwandon Mage

Kwanakin baya jikata ta shigo mini da wani abu a rungume, mai kama da ƙaramar katifa da aka yi wa bango, ta ce wai gadon mage ne, a kanti ta saya. Na sa ta maimaita, don na ɗauka kunnena ne ya fara cin amanata. Ta ajiye shi a kusurwar falo, ta ɗauko magenta ta sa a ciki tana lallashi kamar mai kwantar da jariri. Magen ta shinshina sau biyu, ta fito, ta wuce kai tsaye ta shige kwalin da aka kawo gadon a ciki, ta naɗe abinta. Yarinya ta tsaya hannu a ƙugu, ido ya kawo ruwa, ni kuwa na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ba ita nake yi wa ba. Kaina na tuna, ina ƙasa da shekarunta, durƙushe gaban wani kwando a Unguwar Shanu, ina roƙon wata mage da ba ta ma san ina yi ba.

Gidan haya muke a lokacin, ciki da falo, mu da wasu iyalai uku a tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, magudanar ruwa ɗaya. Yanzu ina zaune a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, sai in yi wata ban ji muryar maƙwabcina ba, in ban da ƙarar janaretonsa. A can kuwa ko atishawa ka yi sai an ce maka sannu daga ɗakuna uku. Ba mu da agogon kirki, kuma ba mu bukace shi ba. Kiran asuba ne ke tashe mu, sai ƙarar garwa a bakin famfo, sai ƙararrawar kekunan ma'aikata suna gangarawa ofis a jere. In iska ta kaɗo daga kudu mukan jiyo jiniyar masaƙa daga ƙetaren kogi, da kukan jirgin ƙasa can nesa. Da damina, in ruwa ya sauko a kan rufin kwano, sai magana ta gagara, kowa ya yi shiru da aikinsa har ya tsagaita. Aikina na safe shi ne ɗebo ruwa da hura gawayin dutsen guga. Har gobe in na ji ƙamshin gawayi da sitaci sai in ji kamar za a ƙwala mini kira.

Babanmu akawu ne a wani ofishin gwamnati, mai buga tafireta. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai tsafta har ta yi yawa. Farin kaftani yake sawa, wanda Inna ke wankewa da sabulu, ta ɗauraye da bula, ta sa sitaci, ta goge har sai ya tsaya da kansa. Yakan sa shi kwana biyu, wani lokaci uku, kuma ba za ka ga ɗigo a jiki ba. In ya dawo aiki sai ya cire, ya ninke shi kan karinsa, ya ɗora a kan akwatin ƙarfe da ke gefen gado, don gobe. Muna tsoronsa, ba don yana duka ba, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ba. Shirunsa ne ke da nauyi. In ya jingina keke a zaure, duk wasan da muke yi sai ya mutu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa, amma da murya ɗaya da wadda yake cewa a miƙo masa buta. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar fari, kunya ba ta barin ta ta ambace ni, sai dai ta ce "ke". Na girma a gidan da kusan ba a faɗin sunana, kuma ban taɓa jin wani abu ya rage mini ba.

Magen ta zo mana ne wata damina, shekarar da aka sauya hannun tuƙi, lokacin da Baba ke dawowa kullum yana ƙorafin masu keke da suka manta ɓangaren da za su bi. Na tsince ta a bayan murhu, jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Fara ce mai baƙin kunne ɗaya. Ba mu raɗa mata suna ba. A zamaninmu mage sunanta mage, ba a kai ta asibiti, ba a saya mata abinci a gwangwani. Ta ci ragowar tuwo da kan kifi, ta biya da ɓeraye. Kuma ta biya, don kafin ta shekara Inna ta daina rataye buhun gero a jikin rufi. Ni dai ba don ɓera nake son ta ba. Ita ce ke zama kusa da ni in ina hura gawayi, ita nake faɗa wa abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba. Ina son ta ƙwarai, ko da yake ita ba ni ta zaɓa ba.

Baba ta zaɓa, mutumin da bai taɓa shafa ta ba, wanda in ta goga masa ƙafa sai ya janye ya ce, "Kauce." Duk shimfiɗun da ke gidan, babu inda take son kwanciya sai kan wannan akwati, a kan kaftanin da ya ninke. An kore ta, an yayyafa mata ruwa, an rufe ƙofa. To bangon da ya raba ciki da falo bai kai rufi ba, ta nan take haurawa. Inna takan riga Baba tashi ta kakkaɓe gashin, ta sake bi da guga, asiri a rufe. Haka aka daɗe ana yi.

Ranar wata Litinin asirin ya tonu. An kwana ana ruwa, magen ta taka taɓo ta hau, kuma Inna ta makara. Ta kakkaɓe gaban kaftanin cikin sauri, ba ta juya bayan ba. Ashe ranar ce wani babba zai zagaya ofisoshi. Baba ya miƙe ya gaishe shi, ya juya zai ɗauko fayil, sai ga sawun mage guda huɗu, jajaye, jere a gadon bayansa. Daga baya muka ji cewa babban murmushi kawai ya yi, amma sauran akawuna sun yini suna kukan mage ƙasa-ƙasa duk sanda Baba ya wuce. Ya dawo ya cire kaftanin ya shimfiɗa a tsakar falo, baya a sama, ya kira mu. Bai ɗaga murya ba.

"Uwata, wannan dabba taki ce ko?"

Na ce, "Tawa ce, Baba."

"To, na ba ki zuwa Asabar. Ki sama mata wurin kwana, ta kwana a can. In na dawo aiki ran Asabar ba ta bar akwatina ba, zan sa ta a buhu in ƙetare gada da ita."

A lokacin ana zuwa aiki ran Asabar, rabin rana. Kuma kowa ya san ma'anar ƙetare gada. Mage in ka yar da ita a Kurmin Mashi ko Unguwar Sarki, kafin ka iso gida ta riga ka. Sai an haye kogi da ita, a sake ta a wancan ɓangare, sannan an rabu. Baba kuwa ba ya magana biyu. Na ƙirga kwanakin da yatsa, na ga ba su wuce hannu ɗaya ba.

Inna ta tausaya mini, ko da yake ba za ta faɗa ba. Ta ce, "Ke, share hawayen nan ki ɗauko mini kwandon can." Sabon kwando ne da ta saya don wanke-wanke, ba ta ko fara amfani da shi ba. Muka je wurin tela muka roƙo ƙyallayen atamfa sababbi, ta haɗa su ta ɗinka 'yar katifa, muka cusa audugar rimi. Daga nan muka yi abin da kowace mace a unguwarmu za ta yi wa sabuwar shimfiɗa. Muka wanke kwandon da sabulu, muka wanke rigar katifar, muka shanya. Da suka bushe Inna ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutarta mai kyau, wanda take ɓoyewa sai ranar biki, ta kifa kwandon a kai har hayaƙi ya riƙa fita ta ƙofofin saƙar. Ta turara katifar ciki da bai. A wurinmu haka ake karrama wurin kwana, ba mu san wata hanya ba. Ta ja da baya ta dube shi ta ce ko baƙuwa daga Zariya aka sauke a nan sai ta gode.

Magen ba ta gode ba. Na ɗauko ta na sa a ciki, ta yi atishawa, ta yi tsalle ta fita tana yarfe ƙafa kamar ta taka ruwan zafi. Na sake sa ta, ta sake fita. Ran Talata na ajiye kan kifi a tsakiyar katifar, ta miƙa hannu ɗaya daga waje ta jawo shi, ta cinye a gefe tana kallona. Ran Laraba na danne ta a ciki ina shafawa ina yi mata waƙa, ta bar mini zane uku a hannu. Na kifa mata wani kwando a sama, ta yi kukan da ya fito da duk mutanen gidan. Kowace safiya kuma a kan akwati ake samun ta. Inna ta ce wataƙila turaren bai kama ba, ta ƙara wani.

Ran Alhamis da la'asar ina zaune gaban kwandon na haɗa kai da gwiwa, sai Maman 'Yan Biyu ta dawo aiki. Maƙwabciyarmu ce ta ɗakin da ke kallon namu, Kirista daga kudancin jiha, tana aikin jinya. Ita da Inna ba a jin kansu. In Salla ta zo ita ke yanka albasa a ɗakinmu, in Kirsimeti ta zo Inna ke tuƙa mata tuwon shinkafa. Ta tsaya da farin takalminta a hannu, ta sunkuya ta shinshina kwandon, ta miƙe tana toshe hanci tana dariya.

"Kai, 'yata! Wa ya yi wa kyanwa turare? Ni ma da nake mutum ya hau mini kai."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "To da me za a yi mata, da wari?"

"Da wari mana. Bari in tambaye ku. Wankakkun kayan Malam, in kin goge kin ajiye, tana hawa?"

Inna ta ɗan yi tunani, ta ce, "A'a. Sai wanda ya sa ya cire."

"To kin gani. Ba laushi take nema ba, shi take nema. A garinmu in an kawo ɗan kare ko kyanwa sabon gida, tsohuwar rigar mai shi ake shimfiɗa masa. Ku fitar da katifar nan ta sha iska, ku samo abin da Malam ya sa a jiki, da zufarsa, ku sa a ciki. In ba ta kwanta ba ku zo ku kama ni."

Na miƙe tsaye don murna. Amma da na dubi Inna sai na ga fuskarta ta sauya. Ta tafa hannu ta ce, "Maman 'Yan Biyu, rufa mini asiri. Tufar maigida a ƙarƙashin dabba? Kuma mai zufa? In ya neme ta ya rasa fa? In wata ta shigo ta gani fa, me za a ce na yi?"

Yaran yanzu ba za su gane tsoron Inna ba. A wancan lokaci, tufar da namiji ya sa a jiki ba abin wasa ba ce. In aka ga mace ta ɗauke rigar mijinta mai zufa ta kai wani wuri, ko ta yanki ƙyalle a jiki, magana ɗaya za a yi, a ce asiri za ta yi masa. Ƙaramar magana ce a baki, amma takan bi mace har tsufanta. Ban da wannan ma, girman uba ya wuce a shimfiɗa wa mage kayansa. Mu da ko filonsa ba ma tsallakewa. Maman 'Yan Biyu ta san haka sarai, ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ta faɗi abin da ta sani, ta shige ɗaki. Inna ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ke, kada in ji, kada in gani."

Ran Juma'a aka yi wanki. Bayan an sauko masallaci, Baba na hutawa, Inna ta zagaya, na tsaya gaban igiya ina kallon singiletinsa guda biyu, farare tas, suna kaɗawa. Na san mai zufa aka ce. Amma mai zufa tana jikinsa, kuma ko a ƙasa na same ta hannuna ba zai iya ɗauka ba. Sai na yi wa kaina dabara irin ta yara, na ce wankakkiya ba ta kai laifin waccan ba, kuma ai dai tasa ce, magen za ta gane. Na fizge ɗaya na cusa a zanena. Na shimfiɗa ta a kan katifar, na ja ƙyalle na rufe rabi. Magen ta zo, ta shinshina, ta daɗe fiye da kullum har na fara sa rai. Sannan ta juya ta tafi. Sabulu ta ji da bula da rana. Safiyar Asabar a kan akwati aka same ta, kuma Baba da kansa ya gan ta. Da zai fita na ga ya ɗaure buhun da babu komai a ciki a bayan keke.

Ban iya cin komai ba ranar. Na ɗauki magen na riƙe ta a cinya, ita kuwa sai lasar hannunta take yi, ba ruwanta. Tsoro da baƙin ciki suka sa na manta sam da singiletin. Ana gab da azahar na ji ƙararrawar kekensa. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, irin zafin nan mai ɗanɗano, ya shigo yana share goshi, buhun a hannu. Ya nufo ni, sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan kwandon. Ya sunkuya ya ɗago singiletin da yatsa biyu.

"Wannan tawa ce?"

Na ce, "Taka ce, Baba."

Inna ta fito da gudu, hannu duk gari. "Wallahi Malam ban sani ba. Na hana ta, Allah ne shaidata."

Bai dube ta ba, ni yake kallo. "Wa ya koya miki?"

Na sunkuyar da kai, don ba zan tona maƙwabciya ba. Sai ga Maman 'Yan Biyu ta ɗaga labulenta ta fito, ta ɗan rusuna. "Sannu da dawowa, Malam. Ni ce na faɗa, laifina ne. Amma ba haka na ce ba. Na ce wadda ka sa a jiki. Kyanwar nan warinka take bi, ba ta da wani mugun nufi. Yarinyar ta ji nauyinka ne, shi ya sa ta ɗauki wankakkiya."

Baba ya dubi singiletin, ya dubi magen, ya dubi zanen farcen da ke hannuna. Ya miƙa wa Inna wankakkiyar, ya ajiye buhun a ƙasa, ya shiga ɗaki. Na ce a raina igiya ya je ɗaukowa. Na ƙanƙame magen har ta yi ƙara.

Da ya fito, kaftanin na jikinsa, amma a hannunsa akwai singiletin da ya wuni da ita, jiƙe da zufa. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, mutane fa."

Ya ce, "Ni na cire da hannuna, ni zan sa da hannuna. Mai magana ya zo ya same ni."

Sai mutumin nan da ba ya yarda ƙura ta taɓa masa gwiwa ya tsuguna a tsakar gida, ya fitar da katifar mai turare ya ajiye gefe, ya shimfiɗa singiletinsa a gindin kwandon, har yana gyara kusurwa yadda yake gyara takarda a tafireta. Ya ce, "Sake ta, Uwata." Na sake ta. Ta miƙe, ta yi miƙa, ta tafi a hankali kamar ba wurin za ta ba. Ta sa hanci. Ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu. Ta zagaya sau uku, ta tattaka da hannuwanta, ta kwanta, ta ɗora haɓa a bakin kwandon ta lumshe ido. Maman 'Yan Biyu ta rangaɗa guɗa. Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya tana cewa, "Oh ni, yau na ga abin da ya ishe ni." Ni kuwa kuka na fashe da shi, na daɗi, wanda ban san akwai irinsa ba sai ranar.

Baba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, fuska a ɗaure kamar kullum, ya ce a kawo masa buta, lokacin salla ya yi. Ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo ya tambayi Maman 'Yan Biyu ko warin yakan daɗe. Ta ce bai fi mako ba, sai an sabunta. Ya gyaɗa kai ya shige.

Magen ba ta sake hawa akwati ba. A kwandon nan ta tsufa, a ciki ta yi haihuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba. A gidanmu ba a furta wa yaro cewa ana son sa, kuma har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin kalmar daga bakinsa ba. Ban kuma taɓa shakka ba. Duk ranar Asabar, shekara da shekaru, in ya dawo ya jingina keke ya shiga ɗaki, nakan tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman wani abu. Can sai labule ya motsa, hannunsa ya leƙo riƙe da singileti, da ɗuminta, in ji ya ce, "Uwata, karɓi ki kai wa mutuniyarki."